Waiwaye: Katakon Kurmi a Iskar Arlit

Duk falankin da kafinta ya taɓa ɗora wa zarto a Arlit baƙo ne. Garin da aka kafa a 1969 saboda yuraniyom yana zaune ne a filin tsakuwa da rairayi, yamma da duwatsun Abzin, inda ruwan shekara guda bai cika wuce milimita 50 ba. Babu dajin da za a sara a fitar da faffaɗan katako. Abin da ake yin gado da kabad da teburi da shi daga kurmi yake tasowa: kudancin Najeriya, Benin, Gana, Kwaddibuwa. Daga Kwatano zuwa Arlit kusan kilomita 2,000 ne. Fiye da shekara hamsin ana wannan jigila, amma har yau mai saye in ya shiga rumfar kafinta tambayarsa ɗaya ce: "Jan katako ne ko fari?" Tambayar ba ta da laifi. Sai dai a garin nan akwai wadda ta kamata ta riga ta: yaushe katakon ya sauka daga mota?

An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ramin Akuta ya fara aiki a 1978, Akokan ta tashi a gefensa. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta Agadas har Arlit, wato hanyar yuraniyom, kuɗi ya shigo, mutane suka kwararo. Sunan da garin ya samu a lokacin, Paris ta biyu, shi Idrissou Mora-Kpaï ya sa wa fim ɗinsa na 2005. Cikin baƙin har da kafintoci daga ƙasashen bakin teku, gwanaye ƙwarai, waɗanda suka zo da salon garinsu: saman teburi na faffaɗan falanki, ƙofar kabad da aka ɗaure ta ko'ina da ƙusa da gam, da fenti mai sheƙi a waje kaɗai. Ma'aikaci ya karɓi albashi, ya yi oda, kaya suka fito gwanin sha'awa. Kafin bazara ta wuce, cikin dare sai a ji "tas!" daga falo. Teburi ya tsage. Ƙofar kabad ta kanannaɗe ta ƙi rufuwa, gado ya fara kuka. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce kafinta ya ci amana.

Ba zafin ba ne kai tsaye, bushewar iska ce. Katako ko an sare shi bai daina hulɗa da iska ba: in tana da laima ya sha ya kumbura, in ta bushe ya saki ruwa ya tsuke. A bakin teku, inda laimar iska ke kai kashi 80 cikin ɗari, falankin da ake kira busasshe yana riƙe da ruwa kimanin kashi 16 na nauyinsa. In laima ta sauko kashi 20 ko ƙasa, yadda take yi a Arlit galibin shekara, falankin nan sai ya sauka zuwa kashi 4 ko 5. Masu sana'a suna da ƙiyasi: duk kashi huɗu na ruwa da katako ya rasa, faɗinsa kan ragu da kusan kashi ɗaya. Ke nan saman teburi mai faɗin mita guda yana iya tsukewa da santimita biyu zuwa uku, alhali tsawonsa kusan bai motsa ba. In an ɗaure shi ta kowane gefe, ba shi da hanyar tsukewa sai tsagewa. In kuma fuska ɗaya aka yi wa fenti, ɗayar ta riga ta bushewa, sai ya lanƙwashe kamar fatar da aka shanya ba a kafe ta da turaku ba.

Abin da ya kamata ya buɗe mana ido tun wancan lokaci yana unguwannin talakawa. A Bukoki, waɗanda ba su da gidan kamfani kan nemi katakon manyan akwatunan da injuna ke zuwa a ciki, su yi benci da kanta da akwatin tufafi. Farin katako ne mai laushi, wanda babu mai alfahari da shi. Amma ya riga ya daɗe a ajiye yana shan iskar garin, kuma guntaye ne marasa faɗi. Na ga benci irin wannan da ya yaye yara ya kai ga jikoki, alhali teburin jan katakon maƙwabci ya daɗe da zama icen girki.

Masassaƙan Abzinawa kuwa sun san wannan darasi tun ba a san da yuraniyom ba. Ba sa neman faffaɗan falanki. Gadon Buzuwa sanduna ne da ƙafafu da ake saƙala wa juna, a shimfiɗa tabarma a kai. Kowane sanda yana da sararin motsi, ranar tashi kuma a kwance shi a ɗora wa raƙumi. Kowane ice da aikinsa: aduwa don sirdi da cokali, kamar yadda malamai ke neman ta don allo, tumfafiya don sandunan da ake so marasa nauyi, goriba don rufi da gini. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, itacen goriba ne ke fitowa daga jikinta. Ba cewa nake a koma saran itatuwan Abzin ba. Kaɗan ne suka rage, an keɓe gandun Abzin da Tenere tun 1988, kuma tun dokar daji ta 1974 gawo da madaci da giginya da goriba da aduwa suna cikin itatuwan da ba a sara sai da izini. Abin ɗauka daga wurinsu shi ne dabara: ice ya bushe a inda zai zauna, kuma a haɗa shi yadda zai iya motsi.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aljihu ya yi sanyi, mutane da yawa suka koma ga mai walda. Gadon ƙarfe ba ya tsagewa, kujerar ƙarfe da aka saƙa da igiyar roba ta dace da tsakar gida. Amma shi ma ƙarfen yana da tambayar asali. A 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta nan gari, ta gano tarkacen ƙarfe masu tururin yuraniyom a kasuwar Arlit, Greenpeace kuma ta sake samun irinsu a ƙarshen 2009. Tun daga nan mai hankali ba ya karɓar ƙarfen gado sai ya ji inda aka samo shi. Da wannan ɗabi'a ta bincike za ta tsallaka zuwa katako, da an huta da asara mai yawa.

Sai zamanin katakon inji ya zo, wato MDF, garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Shi ya cika ɗakunan amare yanzu. A yi masa adalci: ba shi da jijiya, don haka bushewa ba ta tsaga shi. Rauninsa wani wuri ne. Ruwan shara in ya taɓa gindinsa ya kumbura, ba ya komawa. Kanta mai tsawo kan lotsa in an jera mata tukwane. Zafi kan ɗaye ledar gefe. Kuma ramin sukuru sau ɗaya yake riƙewa da kyau. In aka kwance aka sake ɗaurawa, sai ya zama gari.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Iyalai da dama suka ɗaure kaya zuwa Agadas, Tawa, Damagaram, Yamai. Hanyar yuraniyom, wadda ramuka suka cinye, ita ta yi wa kayan ɗaki jarrabawa. Kabad ɗin MDF da yawa a matsayin tarin allunan da ba su sake haɗuwa ba suka isa. Gadon katako mai ƙusoshin kwancewa ya isa lafiya. Amma ko shi ya gamu da wani abu: katakon da ya shekara ashirin a bushewar Arlit, da ya sha damina a kudu sai ya kumbura, aljihun teburi ya ƙi fitowa. Mutumin Arlit, wanda galibi yana da garin da zai koma, kayansa na buƙatar sarari ta fuska biyu.

To wane katako za a zaɓa? A bar wa kowane aikinsa. Ƙafar gado, firam ɗin kujera da duk abin da ke ɗaukar nauyi, a nemi kawo, ko iroko, ko tik. Ukun nan suna cikin masu ƙarancin motsi in laima ta canja, kawo musamman, ko da yake yana da nauyi yana kuma cin bakin zarto. Madaci yana da kyan launi da ƙarfi, amma jijiyarsa a sarƙe take, in aka yi aiki da shi ɗanye sai ya murɗe. Farin katakon da ake kira samba ko obece mara nauyi ne, mai saurin bushewa. Ya dace da cikin aljihun kabad da bayansa, amma ba ya riƙe ƙusa sosai, ƙwaro mai zubar da gari kuma yana son sa, don haka ba a yin ƙafar gado da shi. Malaina tana zama lafiya in ta bushe, sai dai tana jinkirin bushewa, cikinta kan riƙe ruwa bayan waje ya yi kamar ya gama. Wuri mai faɗi kuwa, kamar gefen kabad da ƙofarsa, filawud mai kauri ya fi falanki guda, domin an gicciya jijiyoyinsa suna riƙe juna. Madobiya, wadda kasuwar Sin ta kwashe daga dazukan Afirka ta Yamma har aka sa ta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, a yi hattara da ita. Kawo da madaci ma sun shiga jerin CITES a taron 2022. Sannan "jan katako" ba sunan ice ba ne. Launi ne, kuma ana sayar da shi a gwangwani. Ka sa a goge maka gefen falanki ka ga cikinsa, ka ɗaga ka ji nauyi.

Bayan zaɓi sai bushewa, kuma nan ne ake faɗuwa. Iskar Arlit tana busar da katako da sauri fiye da kima, waje ya bushe ciki na ɗanye, baki ya tsattsage. Kafintan kirki a inuwa yake jera falankai, nesa da rana da bugun iska, da ƴan sanduna a tsakani, da nauyi a sama, ya shafe bakunan da fenti ko kakin kyandir. Sanin ko ya bushe ba ya buƙatar na'ura: a yanki guntu, a auna shi a sikelin mai shago kowane mako, ranar da nauyi ya daina raguwa, ya isa aiki. A guji falankin da ke ɗauke da zuciyar ice a tsakiyarsa, shi ne mai tsagewa. Wajen haɗi, saman teburi a yi shi da ƙananan falankai da aka manna, ramin sukuru a ɗan tsawaita shi, ƙofa a yi mata firam a saka allo cikin tsagi ba tare da gam ba. A shafa mai ko fenti ciki da waje daidai. Mai na'urar sanyaya ɗaki ta ruwa ya gaya wa kafinta, domin laimar ɗakinsa ba ɗaya take da ta tsakar gida ba.

Duk wannan lokaci yake ci, mu kuma kayan ɗaki sai biki ya matso muke tunawa da su. Uwar amarya ta zo saura mako uku: "Malam, don Allah a taimaka, ranar ta zo." Kafinta ya san falankin shekaranjiya ya sauka, amma in ya ce a jira, rumfar gaba za ta karɓa. Sai ya ce, "Hajiya, kada ki damu." Daga nan laifin ya zama na mutum biyu. Sauri ya haifi nawa: a biya kuɗin gado, bayan shekara a biya kuɗin gyara.

Yau katako ya ƙara wuyar samu. Iyakar Benin ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, gwamnati ta karɓe SOMAÏR a Yunin 2025, garin yana lissafin gobensa. A irin wannan hali, katako mafi daraja a Arlit shi ne wanda ya riga ya tsufa a cikinta: tsoffin ƙofofin gida, gadajen da aka jingine, teburan da suka tsage tun zamanin albarka. Sun gama motsinsu. Kafinta mai basira zai tsaga tsohon saman teburi ya fitar da firam ɗin da ba zai sake murɗewa ba. Wanda kuma zai sayi sabo, ranar da aka sa ranar biki ita ce ranar sayen falanki. A rubuta suna a jikinsa, a bar shi a inuwar kafinta, a dawo zancen salo da launi bayan sikeli ya tsaya.