Ina riyal ɗinka yake tafiya?

Yawancinmu mazauna Al-Oud da kewayenta, daga Batha har Manfuha, mun san abin da muke samu a wata. Inda yake tafiya ne ba mu sani ba. Haya ta ci, sabunta iƙama ta ci, an aika na gida, an zuba adashi, kafin 20 ga wata aljihu ya yi fayau. Shi ya sa nake ba duk ɗan'uwa shawara ya buɗe jadawalin lissafi. Ba sai da kwamfuta ba: Google Sheets kyauta ne a waya, Excel ma akwai shi.

Jadawalin akwatuna ne jere. Haruffa na sama, lambobi na gefe, kowane akwati da sunansa: C2 na nufin layin C na tsaye, layi na 2 na kwance. In wayarka tana kan Larabci, za ka iya ganin A ta faro daga dama. Aikin ɗaya ne.

A layin farko rubuta kanu uku: A1 kwanan wata, B1 abin da aka biya, C1 kuɗi. Duk abin da ka kashe, ba shi layinsa. A akwatin kuɗi sa lamba zalla. In ka rubuta "50 riyal", manhajar za ta ɗauke shi rubutu, ta tsallake shi wajen haɗawa. Kwanan wata kuma zaɓi ɗaya, Hijira ko Miladiyya, domin shekarar Hijira ta gaza da kusan kwana 11.

Sai haɗawa. A D1 rubuta =SUM(C2:C100). Alamar = ita ke gaya wa manhajar cewa lissafi ne.

Ga inda na fi jin daɗinsa. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, naira kuwa kullum cikin motsi take. Sa canjin ranar a E1, sannan a F1 rubuta =D1*E1. Da ka sauya canjin, jimillar naira ta gyara kanta.

Masu riƙe adashi, ku ba 'yan zubi damar ganin jadawalin ba tare da ikon gyarawa ba. Zumunci da yawa ya lalace a kan "na zuba" da "ba ka zuba ba".

Ku gwada na wata guda. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ware kuɗin gida daga na kasuwa.