Raddi ga Masu Halatta Harbin Barewa da Damina

Wata magana tana yawo a bakin wasu maharba daga ƙasar Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, cewa damina ita ce lokacin da ya fi dacewa a harbi barewa da kwari da baka, kuma wai hakan ya fi tausayi gare ta. Hujjojinsu huɗu ne, kuma babu wadda take tsayuwa in an auna ta.

Ta farko, suna cewa harbi gado ne, ba mai hana ɗa sana'ar ubansa. Gadon kuwa gaskiya ne, sai dai ya zo da ƙa'idarsa. Maharban Azna ba sa faɗa wa daji yadda suka ga dama. Akwai buɗin daji, al'adar da aka san garin Masalata da ita kusa da Birnin Ƙonni, kuma bayan an gama kaka ake yin sa, an kai hatsi rumbu, ciyawa ta bushe. Abin da ake buɗewa, ai a rufe yake kafin nan. Kakannin da ake kafa hujja da su, su ne suka rufe daji da damina.

Ta biyu ta fi jan hankali. Suna cewa ruwa yana tausasa ƙasa, ƙafar maharbi ba ta ƙara, iska ba ta kai warinsa nesa, sai ya matso kusa ya yi harbi ɗaya mai kyau. Rabin farkon maganar daidai ne, matsalar tana bayan kibiya ta tashi. Tsarkiyar baka ta fata ce, in ta jiƙa sai ta saki, ƙarfin harbi ya ragu. Kibiyar da ya kamata ta shige haƙarƙari sai ta tsaya a cinya ko ta huda tumbi. Barewa kuwa ba ta faɗuwa inda aka harbe ta. Takan zabura da kibiya a jiki, abin da ya rage wa maharbi shi ne bin jini: ɗigo a kan ganyen sabara, ɗan ja a jikin tsakuwa, gashi a ƙaya. Yayyafi kaɗan ya isa ya wanke wannan duka. A kan fako da duwatsun Adar sawu ba ya zama tun asali, a kwarin Majiya kuma gero da dawa sun fi mutum tsawo a watan Agusta. Dabbar takan mutu a cikin gonar wani bayan kwana ɗaya ko biyu, ungulu da dila su ci.

Ta uku, suna cewa dafin kwankwani yana gama aiki da sauri, kuma an yi bisimilla, to nama ya halatta. A nan malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Ƙonni da Sakkwato, ba su bar ƙofa ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta shardanta kada abin da aka harba ya kwana a ɓace wa maharbi. Muhtasar na Halil ya hana cin abin farautar da wani sababi ya yi tarayya a mutuwarsa, ya kuma ambaci ruwa da makami mai dafi da sunansu. Tushen wannan yana cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda Annabi (SAW) ya hana shi cin abin da ya harba in ya same shi a cikin ruwa, domin bai san ko ruwan ne ya kashe shi ko kibiyarsa ba. Barewar da aka tsinta da safe a bakin ƙorama, da kibiya mai dafi a jikinta, ba a riske ta da rai an yanka ba, ta haɗa duka ukun. Mushe ce.

Ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ba a yi mata dariya. Damina lokacin yunwa ne, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, magidanci yana neman abin da zai sa a tukunya. Suna ƙarawa da cewa ba baka ya ƙarar da namun daji ba, bindiga da mota ne. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07, ta 29 ga Afrilu 1998, ta hana farauta a cikin mota da farautar dare. Amma ita wannan dokar ta hana farauta a wajen lokacin da hukuma ta buɗe. Kuma abin da baka bai iya yi ba sa'ad da daji yake cike, yana iya yinsa yau da barewa ta zama sai an tona. Ƙungiyar IUCN ta sa barewa mai jan goshi cikin dabbobin da ke fuskantar haɗari. Mariri, da yake yawo garke-garke a arewacin Nijar, an bayyana ƙarewarsa a daji a 2000, sai a 2016 aka maido shi Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Da damina ciyawa take fitowa, uwa take samun nono, kuma barewa takan kwantar da ɗanta cikin ciyawa ta tafi kiwo. Wanda ya harbi uwar ya kashe biyu, sau da yawa bai kai ko ɗaya gida ba.

Manoman Badagishiri sun farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ramukan tassa, itatuwa suna dawowa gonaki, inda itace ya dawo kuwa dabba tana iya dawowa in an bar ta ta haihu. Sarakunan baka na Ƙonni da Malbaza da Illela, maganarku ce maharba ke ji fiye da ta ma'aikatan gandun daji. Ku sa a rataye kwari daga ruwan shuka har a gama girbi.