XIII: tsohon wasan da masoyansa suka ƙi yarda a sauya masa kamanni

Yau zancenmu na wasan bidiyo ne, kuma na san wasu iyayen har sun fara taɓe baki. Ku ɗan daure ku karanta. Ko da ba ku taɓa buga gem ba, ku ne ake zuwa wa da roƙon kuɗin saye, ku ne kuma kuke leƙa allon sau ɗaya ku ce "ai katun ne" ku wuce. Wasan da zan yi magana a kansa ya dace da wannan leƙen sosai.

Sunansa XIII, wato sha uku da rubutun lambobin Romawa. Kamfanin Ubisoft ne ya yi shi a reshensa na birnin Paris, ya fito a ƙarshen shekarar 2003 a kan kwamfuta da PlayStation 2 da Xbox da GameCube. Irin wasannin harbin nan ne da ba ka ganin jarumin, hannunsa da makaminsa kawai kake gani, kamar da idonsa kake kallon duniya. Labarin kuwa ba nasu ba ne. Sun ɗauko shi ne daga wani jerin littattafan labari cikin zane na ƙasar Beljiyam, wanda Jean Van Hamme ya rubuta, William Vance ya zana, littafi na farko ya fito a 1984 da harshen Faransanci. A Beljiyam da Faransa irin waɗannan littattafai ba na yara kaɗai ba ne, magidanta da furfura suna saye su jera a kanta.

An tsinci wani mutum a bakin teku a Amurka da raunin harsashi a kai. Bai san sunansa ba, bai san daga ina ya fito ba. Abin da ke tare da shi kawai mabuɗin akwatin ajiya na wani banki, sai lambar XIII da aka zana masa a fata kusa da wuya. Kafin ya gama farfaɗowa 'yan bindiga sun iso nemansa, daga baya kuma hukuma ta nuna masa hoton da ke cewa shi ne ya harbe shugaban ƙasa William Sheridan, wanda shugaba ne na cikin labari kawai. Daga nan sai gudu da bincike, har ya gano wata ƙungiyar mutum ashirin masu shirin kifar da gwamnati, kowannensu da lambarsa.

Yau fiye da shekara ashirin ke nan, amma idan ka bi abin da waɗanda suka buga shi suke faɗa, za ka ga kusan bakinsu ɗaya a kan abu guda: kamanninsa. An yi wasan ne ya zama kamar shafin littafin zane da ya tashi yana motsi. Kowane mutum da kowace kujera an zagaye su da baƙin layi, launuka a shimfiɗe ba tare da yawan inuwa ba. Idan bam ya tashi, sai ka ga ƙarar a rubuce da manyan haruffa. Idan mai gadi yana tafiya a bayan bango, sai ƙarar takunsa ta bayyana a rubuce tana bin inda yake, da haka kake sanin ya matso ko ya yi nisa. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai, domin ba ado ba ce kawai, da ita ake buga wasan. Masu yabonsa suna cewa wasannin zamaninsa da suka yi ƙoƙarin kama da mutane na gaske yanzu duk sun tsufa, fuskokinsu kamar an sassaƙa da itace, shi kuwa da yake zane ya zaɓa tun farko, har yau yana da kyan gani. Na yarda da su.

Suna kuma yabon yadda yake cakuɗa harbi da sanɗa. Akwai wuraren da idan ka kashe ɗan sanda ko mai gadin banki, to ka faɗi, sai ka sake. Dole ka lallaɓa ta baya ka sumar da shi da kujera ko kwalba, ko ka riƙe wani a gabanka ka yi garkuwa da shi har ka fita.

Ƙorafi ma akwai, kuma masoyan nasa ne suka fi faɗa. Abokan gaba wani lokaci wawaye ne, wani lokaci kuma su hango ka daga inda ba zai yiwu ba. Tsarin ajiye inda ka tsaya yana da ban haushi: kuskure ɗaya a wurin sanɗa sai ya mayar da kai baya mai nisa. Sai muryar jarumin, wadda David Duchovny na fim ɗin The X-Files ya yi. Da yawa suna cewa kamar wanda aka tasa daga barci aka miƙa masa takarda ya karanta. Wasu suna kare shi da cewa ai mutumin da ya manta kansa ba zai yi magana da karsashi ba. Ni dai ina ganin wannan kariyar ta ƙauna ce. Adam West, wanda ya fito a Batman na talabijin a shekarun 1960, shi ya yi muryar Janar Carrington, mawaƙiya Eve ta yi ta Manjo Jones, kuma ba a cika kuka da su ba.

Babban ciwon da ya fi daɗewa a zuciyar masu bugawa shi ne ƙarshensa. Ka sha wahala ka kai wurin da za a warware maka ƙulli, sai allo ya sanar da kai cewa za a ci gaba. Ba a ci gaba ba. Wasan bai yi kasuwar da kamfanin ya so ba, kashi na biyu bai taɓa fitowa a kwamfuta ko na'urorin wasa ba. Wanda yake son sanin yadda ta kaya sai dai ya koma ga littattafan, domin wasan ya tsaya ne a kan na farko-farko kawai.

To a watan Nuwamba na 2020 sai kamfanin Microids ya fito da sabon XIII, wanda wani kamfani mai suna PlayMagic ya sake ginawa. Mutane sun yi ta murna, murnar kuwa ba ta kwana ba. Wasan ya zo cike da matsaloli, sauti yana ɗaukewa, abokan gaba suna tsayawa ƙiƙam. Amma abin da ya fi ƙona wa tsofaffin masu bugawa rai shi ne an rage wannan kamanni na littafin zane, an mayar da shi kamar sauran wasannin da suka cika kasuwa. A dandalin sayar da wasanni na Steam ra'ayoyin masu saye suka taru a kan kushe, har kamfanonin biyu suka fito suka ba da haƙuri, suna cewa annobar korona ta kawo musu cikas a aiki. Daga baya aka miƙa gyaran ga wani kamfanin Faransa, Tower Five, wanda ya fitar da gyararren a watan Satumba na 2022, ya ƙara ƙarfin zanen ya toshe ɓaraka da yawa. An ce ya fi na da, amma har yanzu idan sabon shiga ya tambayi wanne zai saya, amsar da ya fi samu ita ce ya nemi na 2003. Ana sayar da shi a Steam da GOG, kuma ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi.

Yanzu bari in saka farin kayana na asibiti in yi magana. Wannan kamannin da ake yabo, shi ne kuma yake ruɗar iyaye. A XIII, idan ka harbi mutum a ka daga nesa, sai ƙananan hotuna uku su fito a saman allo, ɗaya bayan ɗaya, suna nuna maka kusa-kusa yadda harsashin ko kibiyar ta same shi, da jini. Masu bugawa suna lissafa wannan cikin abubuwan da suka fi so a wasan, har suna cewa yana sa su ƙara ƙoƙarin saita kai. Wato lada ce ake ba ka. Hukumar da ke tantance wasanni a Amurka, ESRB, ta ba shi harafin M, ma'ana na ɗan shekara 17 zuwa sama. Akwai kuma wani sashe da ake tsare jarumin a gidan masu taɓin hankali, inda likitan da ke wurin mugu ne. Wannan sashen bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, domin muna fama da mutane su yarda su kai 'yan uwansu asibitin ƙwaƙwalwa, ga wasa yana nuna wurin kamar kurkukun azaba.

Ba ina cewa yaron da ya buga XIII zai tashi ɗan ta'adda ba. Ban yarda da wannan saurin yanke hukuncin ba, kuma manya da yawa da suka buga shi suna samari yau iyaye ne masu hankali. Abin da nake cewa shi ne, masu rubuta ra'ayi a kansa mafi yawansu manya ne da ke tuna ƙuruciyarsu. Suna auna kyan zane da daɗin harbi da kuɗin da suka biya. Babu wanda ya zauna yana tunanin ko ya dace da ɗan shekara tara, domin ba tambayar da ke gabansa ba ce. Idan ɗanki ya nuna miki cewa kowa yana yabon wasa, gaskiya ya faɗa, sai dai yabon bai amsa tambayarki ba. Dubi harafi ko lambar da ke jikin kwalin ko shafin sayarwa. Na Amurka haruffa ne, E na kowa, T na matasa daga 13, M daga 17. Na Turai, PEGI, lambobi ne: 3, 7, 12, 16, 18. In kuwa faifan kwafi ne da ba shi da kwali, kamar yadda aka saba samun na PlayStation 2, rubuta sunan wasan a YouTube ki kalli minti biyar daga tsakiyarsa, ba daga farko ba.

Sai batun mantuwar jarumin, wanda a matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan iya wucewa ban tanka ba. Wani ɓangare marubutan sun dace. Mutum zai iya rasa tunanin abubuwan da suka faru da shi amma hannunsa bai manta aikin da ya ƙware a kai ba, domin ƙwaƙwalwa ba wuri ɗaya take ajiye waɗannan biyun ba. Don haka XIII ya manta sunansa amma ya iya faɗa, wannan ba shirme ba ne gaba ɗaya. Inda labari ya yi nisa da asibiti shi ne irin mantuwar. Wanda ya bugu a kai, abin da aka fi gani shi ne ya manta lokacin hatsarin da ɗan abin da ya gabace shi, sannan ya kasa riƙe sabon abu na wani lokaci, ya yi ta maimaita tambaya ɗaya: ina ne nan, me ya faru? Mutum ya manta ko shi wane ne ɗungurungum abu ne da ba kasafai ake gani ba. Kuma babu wanda harsashi zai taɓa kansa ya tashi a ranar yana tsalle a kan rufin gidaje, ya buɗe akwatin magani ya warke nan take.

Na faɗi wannan ne saboda yaran da suka saba ganin an sumar da mutum da kujera ya tashi garau suna iya ɗaukar bugun kai abin wasa. Idan yaro ya faɗo ko ya yi karo a wajen ƙwallo, sannan ya fara amai, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko wani ruwa ko jini yana fita ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti a lokacin, ko da babu rauni a waje, ko da ya ce ya ji sauƙi.

Ga babban da ke son labarin leƙen asiri kuma yana da haƙurin maimaita wuri sau biyar, na 2003 ya cancanci kuɗinsa, in dai ya shirya wa ƙarshen da ba shi da ƙarshe. Wanda kuma yake jin Faransanci, kamar 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, littattafan sun fi wasan zurfi, kuma su sun kai labarin inda wasan bai kai ba. Su ma dai na manya ne, a ajiye su a saman kanta.