In Babbar Waya Kayan Aiki Ce, Mai Aikin Ya Saya

'Yan'uwa malamai, an shigo mana da wani sabon sharaɗin aiki ta bayan gida, ba tare da an rubuta shi a takardar ɗaukar kowa aiki ba. Sanarwar taro ta koma WhatsApp. Jerin sunayen ɗalibai, a ɗauki hotonsa a tura. Tantance ma'aikata, a cike fom a intanet kafin wa'adi. Malamin da ke riƙe da ƙaramar waya a Mabera ko Runjin Sambo sai dai ya ji labari a bakin abokin aiki bayan an tashi taron, sannan a tuhume shi da sakaci.

Ba mu ƙi ci gaba ba. Da yawanmu muna makarantar horon malamai ko mun fara koyarwa lokacin da wayar salula ta iso Najeriya a 2001, kuma mun karɓe ta hannu biyu. Mun san Nokia 3310 wadda ke faɗuwa a kan siminti, ta tarwatse gida uku, a harhaɗa ta ta ci gaba da aiki. Mun san Nokia 1100 ta 2003, mai tocila a ka, wadda aka sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. Caji ɗaya yakan kai ta kwanaki, ƙurar hunturu ba ta dame ta ba, kuma da hasken tocilarta wasunmu suka sha duba littattafan yara in an ɗauke wuta. Mun kuma yarda cewa babbar waya ta fi ta nesa ba kusa ba a wasu fannoni: tana ɗauke da ƙamus, da taswira, da hoton zuciya ko na kusufin wata wanda zanen alli ba zai taɓa kamowa ba. Wanda ya musanta haka bai shiga aji ba.

Maganarmu ita ce, wa zai biya? Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, su Tecno da Infinix da itel kuwa duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, wato Transsion, don haka farashinsu dala yake bi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Duk wanda ya taya waya a Babbar Kasuwar Sakkwato ya san cewa wadda za ta yi aikin da ake nema ba tare da tana daskarewa ba za ta lashe wannan kuɗi, ta nemi ciko. Sayen ma shi ne mai sauƙi. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ga kuɗin mai caji kusan kullum, ga gilashin da ke tsagewa, ga batirin da zafin Afrilu, mai haura digiri 40, ke galabaitarwa.

Akwai kuma abin da masu yaba ta ba su cika faɗa ba: babbar waya tana tsufa ko da lafiyarta ƙalau. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba. Wato daga wata ƙasa ake yanke wa wayar malami ranar ritaya, ita kuwa tsohuwar Nokia har gobe tana kira tana amsawa. Ga shi mun fara ganin 'yan'uwa suna cin bashin adashi don kada a ce an bar su a baya, alhali kuɗin makarantar 'ya'yansu na jira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a taɓa ce wa malami ya sayo allo ko rajistar aji daga albashinsa a matsayin doka ba, ko da yake (mu faɗi gaskiya) alli kam mun daɗe muna saya. Ba ma so waya ta bi sahun alli. Kuma ƙaramar waya ta san lokacin tashi daga aiki. Babbar tana kawo umarni bayan sallar isha'i, tana kuma nuna wa mai aikowa cewa an karanta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshenmu su kai waɗannan buƙatu gaban masu ɗaukarmu aiki. Duk sanarwar da za a hukunta malami a kanta ta zo a takarda ta hannun shugaban makaranta, ko a gajeren saƙon da kowace waya ke karɓa. Kowace makaranta a ba ta na'ura ɗaya ta hukuma, da data, da abin caji mai amfani da hasken rana, wanda Allah ya hore mana shi a yalwace. In kuma lallai sai da wayar malami za a yi aikin, a sa alawus ɗinta a takardar albashi. Wakilan makarantu su tattaro sunayen waɗanda aka tuhuma kan saƙon da bai iso su ba, su zo da su zaman reshe mai zuwa.