Kai Ɗaya Ne Gare Mu: Hular Kwano a Wasan Zamiyar Ƙanƙara

Akwai wani wasa da samarin ƙasashen sanyi suke ji da shi ƙwarai, wato zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara, wanda Turawa ke kira sinobod. Mai wasan yakan ɗaure ƙafafunsa biyu a kan allo guda, ya gangaro daga kan tsauni da gudun da sau da yawa yakan kai na babur. Wani Ba'amurke mai suna Sherman Poppen yana cikin waɗanda suka fara haɗa irin wannan allo, ya yi wa 'ya'yansa mata a jihar Michigan a 1965. A 1998 kuwa wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano, ƙasar Japan. An daɗe ana gardama a waɗannan ƙasashe ko wajibi ne mai wasan ya sa hular kwano. Mu dai ra'ayinmu shi ne wajibi ne, ga gwani da ɗan koyo duka, kuma hukumomin da suka mai da shi doka sun yi daidai.

Bari mu fara da yadda ake faɗuwa. Tun da ƙafafu biyu suna ɗaure a kan allo ɗaya, idan gefen allon ya cije a cikin ƙanƙara ba zato, mutum ba shi da ƙafar da zai tokare. Ko dai ya kife a kan fuskarsa, ko ya faɗi da baya ya buga ƙeya. Dusar da dubban mutane suka tattake kuwa takan daskare ta yi tauri ƙwarai, ga itatuwa da duwatsu a gefen hanya. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke cikin ruwa a ƙoƙon kai. In kai ya tsaya farat ɗaya, ita takan ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi daga ciki. Aikin hular shi ne ta rage wannan bugu. Ɓawonta na waje yana baza ƙarfin dukan, soson da ke ciki kuma yana murƙushewa domin kai ya tsaya sannu a hankali. Shi ya sa hular da ta sha mummunan duka sau ɗaya ta gama aikinta, sai a sake wata ko da ba a ga tsaga a jikinta ba.

Masu ƙin hula suna da hujjoji, ya kamata mu saurare su. Na farko yakan ce, "Ni gwani ne, ba na faɗuwa." To, ga Kevin Pearce, ɗan Amurka, wanda ake sa ran zai ci lambar yabo a Olamfik na Vancouver a 2010. Ranar 31 ga Disamba 2009 yana gwaji a Park City, jihar Utah, cikin wani dogon rami mai kama da kwalbatin da aka tsaga biyu, wanda bangonsa ya kusa mita 7. Ya yi tsalle ya juya a sama, da ya sauko sai goshinsa ya bugi bakin ramin. Shekararsa 22. Ya yi watanni a asibiti, bai ƙara shiga gasa ba. Amma yana sanye da hula, ya kuwa rayu, har daga baya shi da ɗan'uwansa suka kafa gidauniyar LoveYourBrain domin taimakon masu raunin ƙwaƙwalwa. Ashe gwaninta ba ta hana faɗuwa, gama gwani ne yake yin tsallen da ya fi haɗari.

Na biyu yakan ce, "Ai a hankali nake tafiya." Natasha Richardson, 'yar wasan kwaikwayo daga Ingila, tana koyon zamiya da dogayen takalman katako ne a gangaren 'yan koyo na Mont Tremblant a Kanada, ranar 16 ga Maris 2009, ba hula a kanta. Ta faɗi, ta tashi tana magana lafiya lau, ta ce ba ta bukatar likita. Ashe jini yana taruwa tsakanin ƙoƙon kanta da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Bayan kwana biyu ta rasu tana da shekara 45. Darasi biyu ke nan: faɗuwa ba sai da gudu ba, kuma wanda ya buga kai a kai shi ga likita ko da ya ce ba komai.

Na uku yakan ce nauyin hula yana iya karya wuya. Likitoci sun bincika wannan. Wani nazari da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a 2010 ya haɗa sakamakon bincike 12, ya nuna hula tana rage haɗarin raunin kai da kimanin kashi 35 cikin ɗari, ba a kuma ga ta ƙara raunin wuya ba. Wani binciken da aka yi a Norwe, aka buga a 2006, ya sami ragin kashi 60 cikin ɗari.

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu, hula tana da iyaka. A wurin gwaji akan sake ta ne daga tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato bugun da ya yi daidai da gudun kilomita 20 ko sama da haka kaɗan a awa, alhali masu wasa sukan ninka wannan gudu. Sarah Burke, gwanar zamiya 'yar Kanada, tana sanye da hula sa'ad da ta faɗi a Park City a Janairun 2012, amma jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta tsage, ta rasu tana da shekara 29. Wanda ya sa hula ya ƙara ganganci saboda ita, ya zubar da ribar da ta ba shi. Sai an haɗa hula da hankali.

Saura masu cewa, "Kaina ne, ina ruwan hukuma?" Amsarmu ita ce, wanda ya ji rauni a ƙwaƙwalwa ba shi kaɗai yake ɗaukar nauyin ba. Uwa ce za ta kwana a asibiti, uba ne zai biya, ƙanne ne za su ciyar da shi. Matashi kuwa ya fi tsoron dariyar abokai fiye da tsoron rauni, doka ce take cire masa wannan kunya, gama in kowa ya sa, wa zai yi wa wani dariya? Italiya ta bi wannan hanya daki-daki: a 2005 ta wajabta hula ga yara 'yan ƙasa da shekara 14, a 2022 ta kai shi ga 'yan ƙasa da 18, daga Nuwamba 2025 kuwa ya shafi kowa da kowa.

Wani zai ce, mu da ba mu da dusar ƙanƙara, me ya haɗa mu da wannan magana? Kwalta ta fi ƙanƙara tauri, kuma hujjojin nan uku su ne muke ji a bakin masu hawan babur. Sa'ad da hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu 2009, an ga 'yan acaɓa da suka kifa ƙwarya a kai domin su wuce jami'ai. Ƙwarya tana iya ruɗin jami'i daga nesa, ba ta iya ruɗin kwalta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗalibai, duk wanda zai hau babur a wannan hutu, ya nemi hular da ta yi daidai da kansa, ya ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa kafin a tayar da inji. Karayar hannu akan kai wa maɗori, amma ƙwaƙwalwa ba ta da mai ɗori.