Masu Lambu, A Daina Aikawa Gida Neman Dashe

 Yau maganata da 'yan'uwanmu masu lambu ce, waɗanda ke fama da garwa da fartanya a bakin rafukan ƙasar nan ta kurmi, tun daga Ojo da Iba da Ikorodu a Ikko har zuwa Shagamu da Abekuta da Badun. Sauran masu karatu ma kada su ce ba ruwansu, don kusan kowane ɗayanmu yana da ɗan'uwa ko maƙwabci da ke ci daga wannan sana'a, kuma in asara ta same shi mu zai zo wa neman rance.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani ƙanena bara. Shekara da shekaru yana noman latas da alayyafo a 'yan fangaloli, yana renon irinsa da kansa a gindin bukkarsa, ba ya neman kowa. Sai Allah ya hore masa aron fili wajen eka biyu a can bayan Ikorodu. Ya dubi yadda tumatir ke tsada a Mil 12 daga watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da na rani ya ƙare a Arewa, ya ce shi ma bari ya taɓa. To, ɗan wurin renonsa ba zai ba shi dashen eka biyu ba. Sai ya yi abin da kowannenmu kan yi in ya rasa yadda zai yi, watau ya aika gida. Wani dillali ya karɓi kuɗi, aka tumɓuke dashe aka cusa cikin kwanduna, aka ɗora bisa lodin albasa. Motar ta kwana uku a hanya. Ranar da aka sauke ina wurin. Na sama ya bushe ƙayau, na ƙasa ya dahu kamar an turara shi, na tsakiya ne kaɗai ke da sauran rai. Ko rabi bai kama ba. Wanda ya kama kuwa ya yi kyau har ya fara fure, sa'an nan ya shiga yaushi ɗaya bayan ɗaya, ganye kore shar amma a langaɓe. Cikin mako uku lambun ya zama kufai. Dillalin ya ce shi lafiya lau ya ɗora kaya, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, duk mai lambun da ke neman dashe mai yawa a nan kurmi ya neme shi a nan kurmi, kusa da lambunsa, wurin da zai iya zuwa ya gani da idonsa ya komo a yini ɗaya. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mun saba da cewa kayan miya daga gida suke zuwa, har muna ganin kamar ƙasƙanci ne Bahaushe ya sayi dashen tumatir a hannun mutumin Badun. Amma a tsaya a duba.

Tsakanin Kano da Ikko akwai wajen kilomita 1,000. Ɗan tumatir na kwana 25 jariri ne, ba buhun gero ba. In aka tumɓuke shi ba ƙasa a saiwarsa, ranar nan da yamma ya kamata ya shiga rami ya sha ruwa. Wa zai ba shi ruwa a Jebba in mota ta lalace? Balle kuma hanyar ita kanta ba a hannunmu take ba. Waɗanda suka ga abin da ya biyo bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairun shekarar 2021, sa'ad da fataken abinci da na shanu suka tsai da lodi zuwa kudu na 'yan kwanaki, sun san haka. Dashen albasa ne kaɗai na yarda yana da jimirin tafiya, amma albasa mai lawashi da yawancinmu ke yi a nan ba ta bukatar a je mata Kano.

Wahalar hanya ma ƙarama ce a kan ta biyun. Ciwon da ya kashe tumatirin ƙanena ba daga mota ya zo ba, a cikin ƙasar lambun yake zaune yana jira. Wata ƙwayar cuta ce da ke son ƙasa mai laima da zafi, irin ta kurmi. Takan shiga ta saiwa ta toshe hanyar da ruwa ke bi zuwa ganye, shi ya sa za ka ga shuka ta yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take. Mai son ya tabbatar ya yanke karan wadda ta langaɓe, ya tsoma bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa garai, ya bar shi ba motsi. In ita ce, zai ga wani abu fari kamar madara yana tsiyaya ƙasa. Ba ta da maganin feshi, tana daɗewa a ƙasa shekaru, kuma tana cin attaruhu da tattasai da gauta da dankalin Turawa. Irin da aka fi sani a gida, watau Roma VF da UC82B wanda mutanenmu ke kira UTC, iri ne na sanyin hunturu da busasshiyar iska. Haruffan nan biyu da ke bayan sunan Roma alama ce ta cewa yana jure wasu cututtukan yaushi guda biyu, amma wannan tamu ba ta cikinsu. Saboda haka ko da jirgin sama aka kawo wa ƙanena dashensa, ƙarshen labarin ɗaya ne. Akwai irin zamani da aka tace don ƙasashe masu ruwa, kamar Cobra da Padma, waɗanda ke da dama-dama wajen jure wannan ciwo. Masu reno na nan su suka fi ajiyewa, domin su ake nema a wurinsu.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba na jin ana faɗa. Dashe yana tafiya da baƙi. Ba mu manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Jihar Kaduna ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ƙwanta ƙanana ne ƙwarai, a jikin ganye suke maƙalewa, mai saye ba zai lura ba. Mu baƙi ne a nan, yawancin filayen da muke nomawa na aro ne ko na haya. In aka wayi gari annoba ta tashi a unguwa, aka bi sawu aka tarar kwandon Malam wane ne ya kawo ta, ba shi kaɗai za a kora ba.

To, ina za a samu? Tambayar ke nan, kuma amsarta ta fi sauƙi yanzu fiye da da. A Badun akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, NIHORT, wadda aka kafa tun 1975, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Aikinta ke nan, kuma da kuɗin jama'a ake tafiyar da ita, mu ma da namu a ciki. Mutum ya sa rigarsa mai kyau ya je ya tambayi irin da ya dace da ƙasarsa, ba a korar kowa don ba ya jin Turanci, sai dai ya tafi da mai yi masa tafinta. Haka nan malaman gona na jiha, da masu kantunan iri na gaskiya, sun san masu renon dashe na yankinsu. A jihohin Ogun da Oyo da Ikko akwai matasa da suka mai da wannan abu sana'a. Suna reno a cikin ɗakin raga, a faranti na roba mai ramuka, kowane tsiro da raminsa, a cikin ɓawon kwakwa da aka niƙa maimakon ƙasar gona. In za a dasa, sai a zaro shi da ɗan curinsa, saiwa ba ta ji ciwo ba. Irin wannan dashe kusan duka yake kamawa.

Za a ce da tsada. Gaskiya ne, da tsada, ba na musu. Ƙwayar irin zamani kanta tsada gare ta, kuma ba a ajiye 'ya'yanta a sake shukawa baɗi, don ba za su yi kamar uwarsu ba. A gida kuma akwai sanayya, ana iya ba ka bashi sai ka girbe, abin da baƙon ido ba zai yi maka ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga talaka. Amma a yi lissafi. Kuɗin dashe ɗan kaɗan ne cikin abin da lambu ke ci. Ga hayar fili, ga taki, ga man injin ban-ruwa, ga ladan yara, ga wata uku na ƙarfinka. Duk waɗannan a kan ɗan tsiron nan aka ɗora su. Wanda ya rage kuɗi a nan ya yi ginin bene a kan tubalin toka.

Sai dai fa kada a ɗauka duk wanda ya kafa raga ya zama amintacce. Kurmi ma da 'yan damfararta. Kafin ka je, san abin da kake nema. Fuloti ɗaya na Ikko, ƙafa 60 da 120, in ka ba kowane tumatir ƙafa 2 ta kowace fuska, zai ci dashe 1,800. Fuloti shida ke yin eka, watau kusan 11,000 ke nan. Ƙara kashi ɗaya cikin goma don cike gurbin wanda ya mutu, ka ce 12,000. In farantin mai rami 200 ne, faranti 60 ke nan, ba kayan da za a ɗauko a bayan babur ba ne, sai a san wa zai biya mota tun kafin a rabu. Mutumin da ya je ya ce "a ba ni na eka biyu" bai san adadi ba, shi ake cuta.

Kuma mai reno na ƙwarai ba ya ajiye dubu goma sha biyu yana jiran mai tsautsayi. Sai ka yi oda ya shuka dominka. Tumatir da latas mako uku zuwa huɗu suke bukata, kabeji ya ɗan fi haka, attaruhu da tattasai kuwa sai mako shida ko fiye. Duk wanda ka je wa yau ya ce yana da dubu ashirin a shirye, tambaye shi wa ya yi oda ya fasa, kuma yaushe. Tsohon dashe, wanda ya yi tsawo ya yi siriri ko ya fara fure a faranti, ko kyauta aka ba ka hasara ce. Nagari gajere ne kakkaura, ganye huɗu ko biyar. Zaro guda goma daga faranti daban-daban, ba waɗanda ya miƙo maka ba. Saiwa ta zama fara. In ka ga ƙulle-ƙulle a jikinta kamar tsakiyar carbi, tsutsar saiwa ce, juya ka tafi. Ɗaga ganye ka duba bayansa. Ka kuma roƙe shi ya fitar da farantan daga inuwa ya rage masu ruwa kwana biyar ko bakwai kafin ka ɗauka, don su saba da rana.

Wurin da aka fi cin amana shi ne sunan iri, domin tsiron tumatir duk kamarsu ɗaya, sai ya yi 'ya'ya za ka san abin da ka saya, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Maganin wannan shi ne ka sayi ƙwayar da kanka ka kai masa, ka biya shi ladan reno kawai. Giram ɗaya na ƙwayar tumatir yana da wajen 300, don haka giram 50 ya ishi eka har da saura. Hukumar kula da iri ta ƙasa, wadda aka sabunta dokarta a shekarar 2019, ta fito da wata alama da ake mannawa a fakitin iri, a kankare a aika lambar ta waya a ji ko na gaskiya ne. A nemi fakiti mai ita. In ya ce sai dai nasa irin, to a buɗe gwangwanin a gabanka, ka tafi da fankon.

Kafin alƙalami kuwa kada ya wuce rabi, kuma a rubuta. Mu Hausawa muna jin kunyar takarda, kamar neman a rubuta zargi ne. A nan ba haka ake ɗauka ba, wanda bai nemi takarda ba shi ake raina wa wayo. A sa sunan iri, da adadi, da ranar ɗauka, da abin da za a yi in ya saɓa. Ni da zan ba da shawara, a raba odar gida uku, mako biyu tsakani. Mutum ɗaya da yara biyu ba za su dasa dubu goma sha biyu a yammaci ɗaya ba, kuma in duk suka nuna rana ɗaya 'yan gwari ne za su yanka maka farashi. Kada kuma a ba da ko kwabo sai mai fili ya tabbatar da cewa ba zai sa bulo a wurin ba kafin ka girbe.

Abin da ya rage shi ne wanda nake ganin ya fi kome, kuma shi ne muka fi sakaci da shi. Me ya hana mu yi renon da kanmu? Ba wanda ya fi mu sanin tsiro a garin nan. Abin da yaran nan suka fi mu shi ne raga da faranti da rufin da zai tare ruwan Yuni, wanda in ya sauko kan fangalin reno a fili sai ya daka shi da ƙasa. Masu lambu goma ko ashirin na wuri ɗaya, waɗanda kowane mako suke zubin adashi don biki da tafiya gida, za su iya zubi ɗaya su kafa ɗakin raga, su ware mutum ɗaya mai haƙuri su ce aikinsa ke nan, kowa ya kawo ƙwayarsa ya biya lada. Na kai wannan magana gaban shugabannin masu lambu na yankinmu, aka ce madalla, aka sha shayi, aka watse. Ƙanena dai ya sake karɓar filin bana. Ya mai da rabinsa latas da ugu, waɗanda wannan ciwo bai dame su ba, ya kuma yi odar faranti goma na tumatir a wajen wani yaro a hanyar Shagamu don gwaji a ɓangaren da bai noma bara ba. Ranar Asabar za mu je mu zaro saiwa mu gani.