Inshorar Gida: Kada A Yi Saurin Sa Hannu

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja kunnen magidanta a cikin birnin Zariya.

Gobara ta cinye mini ɗakuna biyu a Kwarbai. Kamfanin inshora ya turo mai ƙiyasta ɓarna, ya ɗauki hoton azarar da ta ƙone, daga baya aka ba ni abin da ko kwanon rufi ba zai saya ba. Wai a tsohon farashi na yi wa gidan inshora. In gidanka ya kai naira miliyan 20 yau, takarda kuma ta ce miliyan 10, rabin asararka za a biya. Yadda siminti ya yi tashin gwauron zabi, wa zai tsira?

Kada kowa ya sa hannu cewa an sallame shi alhali bai gamsu ba. Ya nemi lissafinsu a rubuce, ya sa magini ya fitar da nasa. In suka kafe, NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, tana karɓar ƙorafi. Duk shekara kuma a sabunta ƙimar gida a takarda.

Naka,
Wani magidanci,
Kwarbai, Zariya.